Wardin Mahaifiyata Ya Tsufa: Dasa Reshe Zan Yi Ko Auren Ido?

Tambaya: Akwai wardi guda ɗaya da mahaifiyata ta shuka kafin rasuwarta, mai jan fure da ƙamshi sosai. Yanzu ya tsufa, rassansa suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Sau uku ina yankan reshe ina dasawa. Sai ya yi toho har in fara murna, bayan sati biyu ya yi baƙi ya bushe. Wani ya ce mini wardi ba ya kamawa sai da aure. Wanne zan yi, kuma yaya ake yi?

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifiyarki da rahama. 'Yar'uwa, bari in fara kwantar miki da hankali: muddin tsohon wardin yana da sauran reshe ko ɗaya mai rai, ba ki makara ba. Shi kuma wanda ya ce miki sai da aure, rabin gaskiya ya faɗa. Akwai irin wardin da ke wahalar yin saiwa, akwai wanda ko ya yi, saiwar ba ta iya ɗaukar nauyinsa. Amma galibin wardi yana kamawa daga reshe, in dai an zaɓi reshen da ya dace, an kuma tsare masa ruwan jikinsa har ya yi saiwar da zai sha da kansa. Don haka shawarata ki koma kan dasa reshe, ki gyara abin da nake hangowa a bayaninki, a gefe guda kuma ki fara renon gindin da za ki koyi aure a kansa. Aure, wato ɗora wani yanki na wardinki a kan gindin wani wardi har su haɗe, ana yin sa ne idan saiwar wardi ta gaza, sai a aro masa ta wani.

Ta hanyar iri kuwa kada ma ki bi. Ana cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, to wardin lambu ya saɓa wa wannan magana. An daɗe ana barbarar wannan iri da wancan har gadon da ke cikin kowane tsiro ya cakuɗe, in kika shuka ƙwayarsa abin da zai fito daban ne da uwar, sau da yawa ƙaramin fure mara ƙamshi. Reshe da ido, wato ɗan ƙullin da sabon toho ke fitowa daga gare shi, su ne ke riƙe kama. Wardin nan da ake kira Peace, wanda Francis Meilland ya samar a Faransa a 1935, tsiro ɗaya ne tak. Gab da yaƙin duniya na biyu ya toshe hanyoyi aka fitar da rassansa zuwa Italiya, Jamus da Amurka, aka aura idanun, aka fara sayar da shi a Amurka da wannan suna a 1945. Duk wani Peace da ke fure a duniya yau yanki ne na wancan tsiro na farko. Naki ma haka zai kasance: abin da za ki raya ba jikan wardin mahaifiyarki ba ne, shi ne da kansa.

Kafin ki sa wuƙa, ki durƙusa ki tone ƙasar gindinsa kaɗan da yatsa. Idan kin ga wani kumburi kamar dunƙulen hannu inda manyan rassa suka taru suka fito, to shi ma ɗan aure ne, kuma daga saman wannan kumburi kawai za ki yanki reshe. Duk abin da ya fito daga ƙasansa na gindin aro ne, furensa daban. Ina jaddada wannan ne saboda kin ce ja ne. Akwai gindin aro da ya cika duniya mai suna Dr. Huey, wanda aka fitar a Amurka a 1920, furensa ja ne mai duhu da rawayan tsakiya. Mutane da yawa sun shekara suna ban ruwa ga Dr. Huey bayan ainihin wardin da aka aura masa ya mutu, ba su sani ba. Shi sau ɗaya yake fure a shekara, ƙamshinsa kuma kaɗan ne. Tunda naki yana da ƙamshi sosai, alama ce mai kyau.

Yanzu ga tohon da ya yaudare ki. Ruwa ba ya tsami banza. Reshe yana ɗauke da ɗan guzurin abinci da ruwa a jikinsa, kuma da zarar an raba shi da uwa, idanunsa na sama sukan farka su yi toho da wannan guzuri, alhali a ƙasa babu saiwa ko ɗaya. Sabon ganye shi ya fi kowane sashe zubar da ruwa. Sai ya tsotse reshen, guzuri ya ƙare, komai ya faɗi lokaci ɗaya. Toho da wuri ba albishir ba ne. Ni in na ga reshe ya yi sati uku shiru, kore shar, tsofaffin ganyensa biyu suna nan a miƙe, hankalina ya fi kwanciya da shi a kan wanda ya yi saurin toho.

Baƙin ma yana magana, in kin lura da inda ya faro. In daga ƙasa ya taso yana hawa, ruɓewa ce: ƙasar ta yi nauyi, ruwa ya kwanta, iska ba ta shiga. In daga sama ya sauko, ɓawon kuma ya yi tamoji, bushewa ce: iska da rana sun kwashe ruwan reshen. Abin da ke rikita masu koyo shi ne, sukan ga alamar bushewa sai su ƙara ruwa a ƙasa, su haɗa wa reshe cuta biyu. Reshen da ba shi da saiwa ba ya iya shan ruwan kirki daga ƙasa komai yawansa. Danshi a iska yake buƙata, ƙasa kuwa a bar ta da laima kawai.

Tunda tsiron ya tsufa kuma shi kaɗai ne, kada ki yanki reshen dasawa a wannan satin. Reshen tsiro mai yunwa ba ya saiwa. Ki cire matattun rassa har inda kika ga farin itace mai lafiya, ki ba shi ruwa mai ratsa ƙasa, ki zuba masa ruɓaɓɓen taki a kewaye ba tare da ya taɓa gindin ba. Cikin sati shida zuwa takwas zai fito da sababbin rassa su yi fure. Waɗannan su ne kayan aikinki. Ki kuma daidaita lokacin da babu tsananin zafi, babu tsananin sanyi, domin saiwa ta fi fita idan ɗumin ƙasar tukunya yana tsakanin digiri 21 da 25 a ma'aunin Salsiyos. In ya haura 30 sosai, ruɓewa ke riga saiwa.

Reshen da ake so shi ne wanda furensa ya buɗe ya fara zubewa. Kaurinsa kamar fensir, launinsa kore, ba tsohon itace mai toka-toka ba, ba kuma ɗanyen toho mai ja-ja da ke lanƙwashewa kamar igiya ba. Ga gwajin da nake yi: ki tura ƙaya ɗaya gefe da babban yatsa. In ta ɓalle ƙwas ta bar tabo mai tsabta, reshen ya nuna. In ta lanƙwashe, ya yi ɗanye. In ta ƙi motsi ko ta yago ɓawo, ya tsufa. Ki shayar da uwar da yamma, ki yanka da sassafe lokacin da rassa suka ƙoshi da ruwa, ki jefa su cikin bokitin ruwa nan take. Tsakanin yanka da dasawa, minti goma a iska ya isa ya yi ɓarna.

Tsawon kowane yanki santimita 15 zuwa 20, da gaɓa uku ko huɗu. Gaɓa ita ce inda ganye ya manne da reshe, a hammatarta ido yake. Ki yanke kan da furen yake, a ƙasa kuma ki yanka daf da ƙarƙashin gaɓa, domin nan ne saiwa ta fi saurin ɓullowa. Wuƙar ta zama mai kaifi wadda za ta yanke a shara ɗaya, a goge ta da sifirit. Almakashi mai dakushi murƙushe reshe yake yi, murƙusasshen wuri kuma nan ruɓewa ke farawa. Ki cire ganyen ƙasa duka, ki bar biyu na sama, in suna da faɗi ki rage kowanne da rabi. Kada ki tsige su duka. Ganye ne ke dafa wa reshe abinci, shi ne kuma ke aika sinadarin da ke umartar gindin yankan ya yi saiwa. Reshe kore da ganyensa ya kaɗe a satin farko da wuya ya kai labari. Daga nan ki kankare ɓawon ƙasa a gefe ɗaya, siririn layi kamar santimita 2, har koren ciki ya bayyana. Wannan rauni yana ƙara wurin da saiwa za ta fito.

Batun hodar saiwa: tana taimakawa, amma ba ta gyara mugun reshe ko jiƙaƙƙiyar ƙasa. Abin da ke cikinta yawanci IBA ne ko NAA, 'yan'uwan sinadarin oksin da tsiro ke yi da kansa, kuma tun 1935 masu bincike a cibiyar Boyce Thompson ta Amurka suka nuna suna sa reshe ya yi saiwa. Ana yin hodar da ƙarfi hawa-hawa, kamar kashi 0.1, 0.3 da 0.8 cikin ɗari. Ta tsakiyar ta dace da irin reshen da na kwatanta. Ki zuba kaɗan a murfi, ki tsoma gindin reshen, ki kakkaɓe. In ta yi yawa ƙona gindin take yi. Soka reshe cikin dankali da ake yaɗawa a intanet kuwa, ki bar shi. Dankalin ruɓewa yake yi ya ja reshen, ko shi ya tsiro ya bar wardin. Zuma ba ta sa saiwa, iyakarta ta ɗan hana ƙwayoyin cuta.

Abin da za ki dasa a ciki ya fi hodar muhimmanci nesa ba kusa ba. Ba ƙasar lambu ba, ba taki ba. Ki haɗa rabi yashi mai manyan ƙwayoyi da aka wanke, ko farlayit (wasu fararen tsakuwoyi marasa nauyi), da rabi dusar ɓawon kwakwa. Ki jiƙa, ki damƙa a hannu ki matse: ɗigo ɗaya ko biyu ya kamata ya fito, in kin buɗe hannu kuma dunƙulen ya wargaje da taɓawa. Tukunyar ta zama mai huji da yawa a ƙasa. Ki huda rami da fensir, ki sa reshen har rabinsa ya nutse, ki danna kewayensa. Ki kula kada ki juya shi kai ƙasa, ido yana saman tabon ganye ne kullum. Sai ki kife masa gorar roba mai haske da aka yanke gindinta, ko ki rufe tukunyar da farar leda a kan 'yan sanduna yadda ba za ta taɓa ganye ba. Ki ajiye a inuwa mai haske. Rana in ta bugi gorar kai tsaye, dafa reshen za ta yi cikin awa guda. Raɓa a jikin gorar ta ciki ita ce shaidar danshi ya isa. Kowace rana ko biyu ki buɗe murfin na ɗan lokaci iska ta shiga, duk ganyen da ya faɗi kuma ki ɗauke shi kafin ya yi furfurar ruɓa.

Daga nan sai haƙuri. Cikin sati ɗaya zuwa biyu gindin yankan zai yi wani farin ƙullutu kamar tsiron farin kabeji, tabon warkewa ke nan, ba saiwa ba ce tukuna. Saiwa takan biyo tsakanin sati uku da shida, wani irin har takwas. Don Allah kada ki riƙa tumɓukewa kina dubawa, sabuwar saiwa fara ce mai gautsi, taɓawa kaɗan ke karya ta. Shi ya sa nake son kofin roba mai haske da aka huda: rana ɗaya za ki ɗaga ki ga farin zare ya kwanta a jikin kofin. Ranar nan ba ta taɓa zame mini jiki ba, duk shekarun da na yi ina wannan aiki. In saiwa ta kewaya, ki cire murfin gorar kwana uku, sannan ki riƙa ɗage gorar awa ɗaya, awa biyu, har sati guda, kafin ki mayar da shi tukunya mai ƙasa da taki. Da yawa a wannan gaɓa suke asarar abin da ya riga ya kama, don sun fitar da shi daga danshi zuwa iska a rana ɗaya. Ki dasa fiye da abin da kike buƙata, kowanne a kofinsa, amma kada ki kwashe fiye da kashi ɗaya cikin uku na rassan uwar a karo guda.

A ƙasashen da ƙanƙara ke sauka akwai wata hanya: a yanki ƙosasshen reshe mara ganye mai santimita 20 zuwa 25 bayan tsiro ya yi barcin sanyi, a binne kashi biyu cikin uku a rami mai yashi, a bar shi kusan shekara. Ba wuya, sai jinkiri.

Akwai kuma dabara ɗaya da nake so ki haɗa da ita saboda wardin nan ba shi da na biyu: sa wa reshe saiwa tun yana jikin uwarsa. Ki zaɓi reshe mai lafiya, ki zare zoben ɓawo mai faɗin santimita 2 a ƙarƙashin gaɓa, ki kankare santsin da ya rage a kan itacen, ki shafa hoda, ki naɗe wurin da damƙin dusar kwakwa mai laima, ki rufe da leda ki ɗaure sama da ƙasa. Uwar tana ci gaba da shayar da shi, don haka matsalar bushewa ba ta taso ba. In saiwa ta cika ledar, yawanci bayan wata ɗaya zuwa biyu, sai ki yanke daga ƙasa ki dasa.

To, yaushe ake bukatar aure? Idan kin yi duk wannan da kyau reshe ya ƙi saiwa. Ko ya yi saiwa amma tsiron ya tsaya cak, shekara guda bai wuce taƙi biyu ba. Ko ƙasar tana da nematod, ƙananan tsutsotsin da ido ba ya gani, masu sa saiwa ta yi ƙulle-ƙulle kamar carbi. Ko kuma, kuma wannan ya shafe ki, idan abin da ya rage na tsiron kaɗan ne. Reshen da zai ba ki dashe ɗaya yana ɗauke da ido uku ko huɗu, kowane ido kuma tsiro ne cikakke in an aura shi. Wannan ne dalilin da ya sa manyan masu reno suka riƙe aure: sabon iri ɗaya ya zama dubbai cikin 'yan shekaru.

Gindin aro kowace ƙasa da nata, gwargwadon ƙasar noma da yanayi. A Ingila Laxa suka fi amfani da shi, don yana jure ƙasa mai farar ƙasa kuma ba ya yawan fito da 'ya'ya a gindi. A Amurka Dr. Huey ne ya yi rinjaye, sai a Fulorida mai yashi da zafi da nematod, inda Fortuniana ya fi kowa, wani wardi da ya fito daga Sin aka sa masa sunan masanin tsirrai Robert Fortune. Multiflora, ɗan asalin Japan, Koriya da Sin, yana saiwa cikin sauƙi amma ganyensa yakan yi rawaya a ƙasa mai kanwa-kanwa. A wurare masu zafi da fari ana ji da Indica Major, a arewacin Indiya kuma da wardin Edward. Gonakin furen Kenya da Habasha masu kai wardi Turai sun fi dogara da Natal Briar, kuma sukan haɗa aure da dasa reshe a aiki ɗaya, dabarar da aka ƙirƙiro a Wageningen ta ƙasar Holan wajen 1980. Ke dai ba sai kin nemo waɗannan sunaye ba. Duk wardin da kika ga yana haɓaka ba mai kula da shi, a irin ƙasar da za ki shuka naki, dogayen rassa, ganye lafiya lau, reshensa kuma yana kamawa da sauƙi, ya isa gindi.

Ki reni gindin kamar yadda na bayyana a sama, da bambanci ɗaya: kafin ki dasa, ki ƙwaƙule duk idanun reshen da bakin wuƙa, ki bar biyu na sama kawai. Idon da kika bari a ƙasa shi ne zai dame ki da 'ya'yan gindi har ƙarshen rayuwar tsiron. In ya kafu yana girma da ƙarfi, kaurinsa ya kai fensir, ya isa aure.

Sirrin auren ido yana cikin wata siririyar fata mai santsi da ke tsakanin ɓawo da itace, masana suna ce mata kambiyom. Ita ce ke haihuwar sabon naman da ke haɗa aure. Aikinki duka shi ne ki kwantar da ta ido a kan ta gindi, kafin ɗayansu ta bushe, ba tare da datti ya shiga ba. Hakan ba ya yiwuwa sai ɓawon gindi yana saɓulewa, wato in kin tsaga kin ɗaga, ya rabu da itace salin-alin, cikinsa jiƙe yana sheƙi. Ɓawo yana saɓulewa ne lokacin da tsiro ke cikin girma ya kuma ƙoshi da ruwa, don haka ki shayar da gindin sosai na sati guda kafin ranar. In kin gwada ɓawo ya manne yana yagewa, ki ajiye wuƙa ki ƙara sati.

Reshen da za ki ciri ido, irin wancan ne dai mai furen da ya fara zubewa. Ki ɓalle ƙayoyin, ki yanke ganyen amma ki bar ƙafar kowane ganye kamar santimita 1, ita ce mariƙinki, ita ce kuma za ta ba ki labari daga baya. Ki naɗe reshen a jiƙaƙƙen tsumma. Idanun tsakiya ake ɗauka, masu ƙiba da ba su farka ba. Na kusa da fure ba su nuna ba, na can ƙasa kuma barcinsu ya yi nauyi.

Ki goge jikin gindin da tsumma, ƙasa-ƙasa, kamar santimita 5 zuwa 10 daga ƙasa, a gefen da rana ba ta duka. Ki yi tsaga a kwance mai kamar santimita 1, daga tsakiyarta ki ja wata ƙasa mai santimita 2 da rabi, siffar harafin T ke nan. Ɓawo kaɗai za ki yanka, za ki ji wuƙa ta tsaya a kan itace. Ki ɗaga leɓɓan biyu da bayan wuƙa. Sai ki ɗauki reshen, ki sa wuƙa santimita 1 ƙasa da ido, ki shara a hankali ta ƙarƙashinsa ki fito sama da shi, ki ciro ɗan yanki mai siffar garkuwa. Ki riƙe shi ta ƙafar ganye, yatsa kada ya taɓa cikinsa. Juya shi: za ki ga siririn farin itace manne a baya. Ki ɗaga bakinsa da farce ki fizge. Yanzu duba bayan idon da kyau. In kin ga ɗan tudu kamar ƙwayar gero, zuciyar idon tana nan. In rami kika gani, ta tafi da itacen, ki yar ki ɗauki wani. Idan hannu bai saba ba, ki yanko garkuwar siririya sosai ki bar itacen a jiki, yana kamawa haka nan. Ki zura garkuwar cikin tsagar daga sama, ido yana kallon sama, har ta zauna daram, ki yanke wutsiyar da ta leƙo daidai da tsagar kwance. Ki naɗe da siririyar leda ko roba mai faɗin kamar santimita 1, daga ƙasa zuwa sama, da ɗan ƙarfi, ki rufe tsagar duka ki bar idon da ƙafar ganye a waje. Daga ciro ido zuwa ɗaurewa kada ya wuce minti ɗaya. Shi ya sa nake cewa a fara yin T kafin a ciro ido, kuma ki yi gwaji sau ashirin a kan rassan gindin da ba ki damu da su ba kafin ki taɓa idon wardin mahaifiyarki. In lokacin yawan ruwan sama ne, ki juya T ɗin kai ƙasa don kada ruwa ya taru a ciki. In kuma ɓawo ya ƙi saɓulewa sam, ana iya fafe ɗan gurbi a jikin gindi, a yanko ido da itacensa daidai girman gurbin, a haɗa gefe da gefe a naɗe.

Bayan sati biyu zuwa uku ki taɓa ƙafar ganyen da yatsa. In ta yi rawaya ta faɗi da kanta, garkuwar kuma tana nan kore, aure ya ɗauru. In ta bushe ta yi baƙi ta manne, bai yi ba, sai ki sake a ɗaya gefen. Ki kwance ɗaurin kafin ya shaƙe gindin. Idon ba zai farka ba muddin kan gindin yana nan yana danne shi. A wuri mai ɗumi, bayan sati uku zuwa huɗu sai a karya kan gindin rabi a kwantar da shi, ganyensa na ci gaba da ciyar da saiwa, in idon ya yi toho kamar taƙi guda a yanke kan gaba ɗaya, santimita 1 sama da auren. A ƙasashen sanyi ana barin idon ya yi barci, sai ƙarshen sanyi a yanke. Sabon tohon ki kafa masa sanda ki ɗaure, domin a watannin farko iska mai ƙarfi tana iya ɓalle shi daga gindin. In ya kai santimita 10 zuwa 15, ki tsinke kansa don ya yi rassa daga ƙasa.

Duk tohon da ya fito ƙasa da auren na gindi ne. Kada ki yanke shi da almakashi, yanka ƙara masa yawa yake yi. Ki tona har inda ya manne, ki fizge shi da tushensa. Ana cewa ganye mai 'ya'ya bakwai shi ne na gindi, amma wannan ba abin dogaro ba ne, wardi na gari da yawa suna yin bakwai. Inda tohon ya fito shi ne shaida.

Aure yana da haɗarin da dasa reshe ba shi da shi, kuma dole in faɗa miki. Cutar da ke sa ganyen wardi zane-zanen rawaya kamar an yi masa rubutu, ƙwayar bairos ce, ta hanyar aure take yaɗuwa, kuma in ta shiga ba ta fita. Gindi mai ita zai sa wa idonki. Haka ƙwayar da ke sa wani ƙaton ƙari mai kaushi a gindi, wuƙa ce ke ɗaukar ta daga tsiro zuwa tsiro. Ki duba ganyen uwar gindin da kyau kafin ki yanka, ki kuma goge wuƙa da sifirit tsakanin kowane tsiro da na gaba.

Ga mai niyyar sayarwa, sababbin irin wardi da yawa suna da rajistar haƙƙin mallaka. A Amurka ma wardi ne, New Dawn, ya karɓi lamba ta 1 a rajistar tsirrai a 1931, kuma a yau kariyar shekara 20 take yi. Tsohon wardin gida irin naki da za ki raya don kanki ba ya cikin wannan damuwa.

Idan dashenki ya kama, zai yi ƙoƙarin yin fure tun yana ɗan ƙarami. Na san za ki so ki gani, ki shaƙi ƙamshin nan. Ki bar guda ɗaya ya buɗe don ki tabbatar shi ne, sauran ki tsinke su har tsiron ya yi wata uku ko huɗu yana gina saiwa. Tsohon kuma ki bar shi a wurinsa kina ba shi ruwa, kada ki tumɓuke shi sai kin ga aƙalla biyu daga cikin 'ya'yansa sun shekara a ƙasa sun yi fure.